Awadiyya Doguwa Ta Koma Zamalek

Na san Haboba Awadiyya ne ta dalilin kuka da daddawa. Ina shekara ta biyu a jami'a a Alƙahira, ina zaune a unguwar Madinat Nasr tare da wasu ɗalibai mata, sai kwaɗayin miyar gida ya dame ni. Wata ƙawata ta ce in je unguwar Ard al-Liwa in nemi wata tsohuwa 'yar Sudan mai jin Hausa, duk abin da nake so yana wurinta. Na hau ƙaramar bas da suke kira mikrobas, na sauka na hau tuktuk, wato keke mai ƙafa uku, aka bi da ni lunguna har ƙofar wani bene mai duhun matakala. Wadda ta buɗe mini ƙofa sai da ta ɗan sunkuya kafin ta leƙo. Doguwa ce ƙwarai, baƙa wuluk, ta haura saba'in amma bayanta a miƙe yake kamar an sa mata sanda a cikin lafaya.

Na gaishe ta da Larabci, ta amsa da Hausa. Hausarta irin ta mutanen da ce, akwai kalmomin da ban sake ji ba tun rasuwar kakata a Zariya. Jikokinta na kiranta Haboba, wato kaka a bakin mutanen Sudan, ni ma na bi sahu. Daga zuwa sayen kayan miya na zama 'yar gida, ina taya ta tankaɗe, tana ba ni labarin rayuwarta guntu-guntu.

A Mai Wurno aka haife ta, garin Hausawa da Fulani da ke bakin kogi a Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin hajji, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Mahaifinta manomi ne. Tun tana ƙarama ta fi sa'o'inta tsawo, har yara suka laƙaba mata Doguwa, ita kuma ta koyi tafiya a duƙe don kada a gan ta. Tana budurwa wata 'yar'uwar mahaifiyarta ta samo mata aikin raino a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci, da aka turo shi Masar suka taho da ita. Ta haka ta fara taka Alƙahira a farkon shekarun saba'in, ta zauna a Zamalek, unguwar jakadu da manyan mutane.

Wata rana uwar ɗakinta ta aike ta ta kai riga gyara a shagon wata tela mai suna Madam Nahid, wadda matan manya ke ɗinki a wurinta. Awadiyya ta miƙa rigar za ta juya, sai Madam ta tsayar da ita. Ta zagaya ta tana dubawa da allurai a baki, ta dafa mata kafaɗa ta ce ta miƙe sosai. Daga nan ta ɗauko wani yadi ruwan ƙwai ta yafa mata, ta ja da baya tana kallonta. Awadiyya ta ce ita a lokacin ta ɗauka laifi ta yi.

Abin da Madam take so shi ne ta riƙa sa rigunan da aka ɗinka tana tafiya a gaban masu saye, su ga yadda rigar take a jikin mutum. Masu wannan aiki manikan ake ce musu a Masar. Akwai su a manyan shaguna, amma kusan dukkansu farare ne, 'yan Masar da 'yan Girka da 'yan Lebanon. A shagon Madam akwai baƙa guda ɗaya, Safa, 'yar Nuba daga Aswan, wadda kawunta ne mai gadin benen. Uwar ɗakin Awadiyya ta yarda ta riƙa zuwa da yamma, daga baya ma ta sake ta gaba ɗaya. Ita kuwa Awadiyya sharaɗi ɗaya ta kafa, ba za ta sa rigar da ta bar ƙirji ko cinya a waje ba. Madam ta yi dariya ta ce da ma wannan tsawon ba don gajerun riguna aka halicce shi ba. Dogayen rigunan biki da kaftani suka zama rabonta.

Safa ce ta koya mata tafiya. Takan ɗora mata faranti a ka ta sa ta kai ta kawo a bayan shago, tana faɗa tana dariya. Ba a daɗe ba faranti ya zama ba shi da amfani, don wadda ta tashi da tulun ruwa daga bakin kogi ba sabon abu ba ne a wurinta. Abin da ya ba ta wuya shi ne ɗaga ido ta dubi mutane.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Babu hodar da ta dace da fatarsu a duk kantunan garin, idan suka shafa ta fararen mata sai su koma kamar an baɗa musu toka. Sai suka riƙa haɗa tasu da garin koko da man shafawa. Masu ɗaukar hoto ba su iya haska baƙar fata ba, sai riga ta fito fes, fuska kuwa inuwa. Wasu matan idan suka ga rigar da suke so a jikin Awadiyya, sai su ce a ɗinka musu irinta, amma kada a kawo musu wadda ta sa ko don gwaji. Wata matar wani attajiri ta taɓa faɗin haka da ƙarfi a gabanta. Madam Nahid ta ninke rigar ta ajiye, ta ce wa matar ai a jikin Awadiyya ta ga rigar har ta so ta, sannan ta raka ta bakin ƙofa. Awadiyya ta ce a daren nan ta yi kuka, amma washegari ta zo aiki da wuri.

Babbar ranarta ita ce ta wani baje-kolin tufafi da aka yi a wani otal na bakin Nilu. Ita aka ba rigar rufe taro. Ta ce da ta fito ɗakin ya yi tsit, har tana jin ƙarar takalminta, ta ɗauka ƙin ta aka yi. Sai da ta kai ƙarshe ta juya tafi ya ɓarke. Wata mujalla ta buga hoton, ta rubuta sunan rigar da sunan Madam, ita kuwa aka ce wata samra, wato wata baƙa.

Ta yi shekaru kamar shida tana wannan aiki. Sai wani ɗan garinsu, Abakar, mai fataucin fatu tsakanin Sudan da Masar, ya nemi aurenta. Ya san aikinta sarai, ya ma taɓa tsayawa a bayan taro ya kalle ta. Suka yi aure suka koma Omdurman, daura da Khartoum. Ita da Safa suka yi ta aika wa juna saƙo ta hannun matafiya, har abin ya yi ta raguwa ya yanke. Da zamani ya juya a Sudan aka fara sa wa mata ido a kan sutura da fita, Abakar ya ga gara su rufe maganar don kada a riƙa yi wa 'ya'yansu gori. Ta zuba hotunanta a gwangwanin alewa ta tura ƙarƙashin akwati. Ba kunya take ji ba, cewa take za ta nuna wa yaran idan sun girma. Yara suka girma, Abakar ya rasu, hidima ta yi yawa, ranar ba ta zo ba.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a shekarar 2023, ɗanta Mu'tasim ya fitar da ita da matarsa da 'yarsa Rayan a motar haya, da kayan jikinsu da takardunsu kawai. Suka sha wahalar hanya har suka tsallako Masar. Daga baya maƙwabta suka aiko cewa an wawashe gidan an cinna masa wuta.

A Ard al-Liwa ne ta fara ba da labarin Zamalek. Tana jin ƙamshin burodin gari da kiran masu sayar da kayan gwari, sai abubuwa suka yi ta dawo mata. Ta gaya wa Rayan cewa ta taɓa tafiya a gaban matan ministoci da rigar da ta fi gidansu tsada. Rayan ta yi murna, ta ɗauki waya ta yi ta bincike, ba ta samu ko sunan Madam Nahid ba. A daidai lokacin nan kuma tsohuwar ta fara mantuwa. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone, ta kira Rayan da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Mu'tasim ya kai ta wurin likita. Suna fitowa ta ji shi yana gaya wa matarsa a waya, da murya ƙasa-ƙasa, cewa mahaifiyarsa ta fara rikicewa, har tana ƙirƙirar wata rayuwa da ba ta yi ba.

Ba ta yi fushi da shi ba, tsoro ne ya kama ta. Ta daina labarin, ta rage cin abinci. Wata rana muna tsince kuɓewa busasshiya ta ce mini, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Husaina, idan mutum ya tuna abu, ya tuna har ƙamshinsa, amma babu wanda ya san an yi shi, ta yaya zai gane ba mafarki ya yi ba?"

Sai ta roƙe ni in raka ta Zamalek, ni kaɗai, don ba ta son jikarta ta ga idonta idan aka je aka tarar babu komai. Tunda suka dawo Masar ba ta taɓa tsallaka kogin ba, alhali tafiyar ba ta da nisa. Ta ce idan babu, khalas, shi ke nan, za ta sha magungunan likita ta yi shiru.

Muka tafi wata Alhamis da hantsi. Ta sa farar lafaya, ta shafa turaren da take ji da shi. Tasi ya sauke mu a babban titin Zamalek, nan take na ga hankalinta ya tashi. An gina gada a saman titin, shagunan da ta sani duk sun zama bankuna da wuraren shan kofi. Ta ce mu bi dama, muka bi, ta ce a'a hagu ne. Muka zagaya lungu ɗaya har sau biyu. Na tambayi wani mai sayar da jarida da wani mai kantin magani, babu wanda ya taɓa jin sunan Madam Nahid. Rana ta yi zafi. Ta zauna a kan wani dakali tana haki, ta ce mu koma gida, Mu'tasim ya fi ta gaskiya.

Na ce ma'alish, ta yi haƙuri ta ɗan huta in samo mata ruwa. Da na dawo na tarar ta miƙe tana kallon wani tsohon bene a tsallaken titi, ba ta ko ƙiftawa. Sai ta tsallaka, na bi ta a guje. A ƙofar benen ta tsaya ta ce mini, kafin mu shiga, akwai lif na baƙin ƙarfe mai ƙofa kamar keji, da madubi a cikinsa, kuma matakalar ta nannaɗe shi. Muka shiga. Ga lif ɗin, ga madubin ya dushe, ga matakala. Ta dafa bango ta lumshe ido tana alhamdulillahi a hankali.

Inda shagon yake ya zama wurin sayar da wayoyi. Mai gadin benen, wani baƙin mutum mai furfura a gemu, ya taso daga bencinsa ya tambayi wa muke nema. Sunansa Amjad. Da ya ji sunan Madam Nahid ya ce Allah ya jiƙanta, ta rasu da daɗewa, 'ya'yanta sun sayar da shagon sun bar ƙasar. Haboba ta tambaye shi ko ya taɓa jin labarin wata Safa 'yar Aswan. Mutumin ya dube ta daga sama har ƙasa, ya yi murmushi. Ya ce Safa ai gwaggonsa ce, gadin benen nan a gidansu yake tun kakanni. Tana nan da ranta a unguwar Imbaba, ƙafa ce kawai ke damunta, bakinta kuwa lafiya lau.

Ya kira ta a waya ya ce ga wata baƙuwa daga Sudan tana cigiyarta. Muna jin muryar tsohuwar daga inda muke tsaye, tana tambaya doguwa ce? Ya ce ƙwarai. Ta ce to me yake jira, yalla, maza ya sa ta a mota.

Safa gajera ce a kan Haboba, ta yi ƙiba, tana dogara sanda. Ta jira mu a saman matakalar gidanta. Da suka haɗa ido sai Safa ta kai hannu ta buga mata a tsakiyar baya ta ce:

"Har yanzu ba ki duƙa ba. Tamam, aikina bai lalace ba."

Suka rungumi juna suka yi kuka mai yawa, ni ma na taya su. Aka kawo shayi da na'ana'a. Safa ta ce ta ɗauka yaƙi ya ci ƙawarta, kullum ta ga labarin Khartoum sai ta kashe talabijin. Ita ta ci gaba da aikin har ta kusa arba'in, daga baya ta koma koya wa 'yan mata tafiya. Ta ce duk baƙar yarinyar da ta zo mata a tsorace, labarin Awadiyya da rigar rufe taro take ba ta.

Ta aiki surukarta ta ɗauko wata jakar leda cike da hotuna. Ga na otal ɗin nan: riga ta fito da duk adonta, a samanta kuwa inuwa ce da fararen haƙora. Suka yi ta dariya har Safa na tari. Amma akwai wani hoton da mai hoton titi ya ɗauke su a kan gada ranar hutu, cikin kayansu na gida, rana ta haska su sosai. Duk wanda ya ga fuskar Haboba a wannan hoton ya ga Rayan. Haboba ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Daga nan gardama ta tashi. Haboba ta ce rigar rufe taro ruwan ƙwai ce, Safa ta rantse koriya ce, ruwan ƙwai ai yadin ranar farko ne. Haboba ta tuna sunan mai gugan shagon da karen Madam, Safa ta manta su sam. Safa ta ce ita ma jiya ta nemi tabaronta ko'ina alhali yana goshinta, shekaru ne, ba hauka ba. Na ga hankalin Haboba ya kwanta. Ta cinye farantin shinkafa da kifi da aka ajiye mata, ta nemi ƙari.

Da la'asar na kira Mu'tasim na gaya masa inda muke. Ya zo a ruɗe tare da Rayan, yana shirin yi mini faɗan fita da tsohuwa ba da saninsa ba. Safa ba ta ba shi dama ba, ta zaunar da shi ta ɗora masa hotunan a cinya. Ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne mai tsare addini, na ga Haboba na satar kallon fuskarsa. Ya tsaya a kan hoton gada, ya share ido da bayan hannu, ya ce:

"Yumma, me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?"

Ta ce, "Na gaya muku, ka kai ni likita."

Safa ta fara dariya, kowa ya kama. Mu'tasim ya durƙusa ya sumbaci hannun mahaifiyarsa ya nemi gafara. Abin da ya ƙara tambaya kawai shi ne ko mahaifinsa ya sani. Da aka ce masa har kallo ya taɓa zuwa, kuma Safa ce ta yi wa amarya lalle, sai ya gyaɗa kai ya ce shi ke nan.

Da suka koma asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce sukarinta ne ya hau, ga rashin barci da tashin hankalin da ta gani a hanya. Aka daidaita mata magani, mantuwar ta ragu, ko da yake har yau takan sa gishiri sau biyu a miya. Rayan ta kai hoton gada aka wanke babba aka rataye a falo. Maƙwabta 'yan Sudan da 'yan Eritiriya suna shigowa kallo, wasu su yaba, wasu su taɓe baki, ita dai tana tankaɗenta.

Yanzu kusan kowace Alhamis tana Imbaba. Su biyun sukan zauna a barandar Safa da butar shayi, suna kallon masu wucewa a titi suna yanke musu hukunci: wannan tana jefa hannu da yawa, waccan takalmin ya fi ƙarfinta, ga wata can da za ta yi kyau da za ta cire ido daga waya. Ranar da na je ɗauko ta a makon jiya, tun daga ƙasa na ji suna ƙus-ƙus. Ina hawa Safa ta ce in koma bakin ƙofa in sake shigowa. Na koma na shigo. Suka dubi juna, Haboba ta ce ina jan ƙafar hagu, kuma jakar littattafan nan ta karkatar mini da kafaɗa. Safa ta ce ba komai, ana gyarawa, in fara zama in sha shayi tukuna.